Titin Malam a Jikin Bango

Mijina bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Kayan aikinsa 'yan'uwansa sun raba, rigunansa an yi sadaka da su kafin addu'ar bakwai, wayarsa ƙanensa ya ɗauka. Hotunansa kuwa shi da kansa ya sa aka goge su tun yana da rai, ya ce ba ya son a riƙa gwada tsohuwar fuskarsa da sabuwa. Abin da ya rage min nasa shi ne wani baƙin layi a jikin takardar bango, inda hannunsa ya riƙa bi. Labarin wannan layin nake son in rubuta, tunda na gwada faɗa da baki ba a saurare ni ba.

Sunana Ikilima. Sunansa Badaruddeen, a garejin Apo da ke Abuja, inda yake aiki, ana ce masa Badaru Mai Batir, ni kuma Malam nake ce masa. Muna zaune a Dutse Alhaji, can gefen Abuja, ciki da falo, a gidan Baba Obadiah. Baba Obadiah manomi ne, ɗan asalin wurin, ya gina ɗakuna a filin ubansa yana ba da haya. Ba shi da faɗa, amma yana da doka ɗaya da kowa ya sani: ba a buga ƙusa a bangonsa, ba a shafa masa fenti. Ko kalanda ka rataya sai ya zo ya duba da me ka rataya ta.

Wata rana Malam yana cajin batirin wata babbar mota, ya sunkuya yana dubawa, batirin ya fashe. Ruwan ya watsu masa a fuska. Mun daɗe a asibiti. Fatar ta warke yadda ta ga dama, idanun ba su dawo ba.

Da muka koma gida, ɗakin da ya yi shekaru a ciki ya zame masa daji. Ya bugi gado da ƙauri har wurin ya ƙi warkewa. Ya zubar da buta, ya taka faranti, ya taɓa kifar min da tukunyar miya. Abokin aikinsa Dominic ya sayo masa sanda, ya karɓa ya yi godiya, Dominic na fita ya tura ta ƙarƙashin gado.

"A waje na yarda," in ji shi. "Amma a ɗakina ba zan dogara sanda ba."

Abin da ya fi ci masa rai salla ce. Kullum sai ya kira ni in juya shi gabas kamar yadda ake juya kujera. Ranar nan na dawo daga kasuwa na same shi yana salla ya fuskanci ƙofa. Na tsaya har ya sallame. Da ma ban faɗa masa ba. Na faɗa, ranar bai ci abinci ba.

Na yi tunanin igiya, in ja ta daga gado zuwa ƙofa. Igiya kuma sai da ƙusa. Na je na durƙusa wa Baba Obadiah.

"Matar oga, ina jin tausayinku," in ji shi. "Amma yau ƙusa ɗaya, gobe mai ɗakin can ya ce shi ma yana da dalili. Bangon nan da kuɗin doya na gina shi."

A kasuwar Dutse akwai wani Bakatsine, Muktar, mai sayar da labule da ledar ƙasa da furannin roba. Na je neman abin goge ƙafa, sai na ga wasu nannaɗaɗɗun takardu masu faɗin tafin hannu, da zanen ganye ruwan gwal. Na taɓa ɗaya. Ganyen ba zane kawai ba ne, ya taso, yatsa yana jin tudunsa. Ban san lokacin da na rufe ido ina shafawa ba, a tsakiyar kasuwa.

"Hajiya, lafiya? Jiri ne?"

"Wannan mene ne?"

"Boda kenan. Ado ne na bango, ana zagaya ɗaki da shi ta sama. Da gam ɗinsa a baya, ki ɓare farar takardar ki manna kawai. Ga kuma yankakkun furanni da taurari, su ma haka. Don 'yan haya aka yi shi, Hajiya. Ranar da za ki tashi, ki ja shi a hankali ya fito sumul, ko tabo ba ya bari. Kamar ba a taɓa sa komai ba. In kin so ki kai sabon gida ki sake mannawa."

Na sa ya maimaita min maganar tabon. Ya rantse, na saya. Allah ya sani Muktar bai yi min ƙarya ba.

Maƙwabciyata Rosemary ce ta taya ni aikin. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta ta kasuwa ce. Ƙofarmu na kallon juna, tana noma da mijinta a hanyar Bwari, tana kuma wanki a gidajen manya. Da ta ga na tsayar da Malam a jikin bango ina auna inda hannunsa ke kaiwa, sai ta riƙe ƙugu.

"Ikilima, kai ka taɓa ganin wannan abu kuwa? Sama ake sa shi, kusa da silin. Na gani a gidan madam ɗina a Gwarinpa."

"Madam ɗinki da ido take kallon nata," na ce.

Ta dubi Malam, ta dube ni. Sai ta kama bakin takardar ta ce in ja.

Muka zagaya ciki da falo daidai ƙugunsa. Muka bi ta bayan kujera, muka karya kwana a ƙofar ciki. Inda duk yake da buƙata na manna yankakke ɗaya a saman layin: tauraro a wajen soket ɗin rediyo, ganye babba a wajen duron ruwa, malam-buɗe-littafi a bakin ƙofar waje. A bangon gabas na sa fure mafi girma, ja, mai tudu a tsakiya. In ya dafa shi da hannun dama ya ja baya taku kaɗan, ga sallaya, ga alƙibla.

Baba Obadiah ya ji labari ya zo. Ya sa farce ya ɗaga gefe ɗaya, ya leƙa bayan, ya shafa bangon, ya mayar ya danne da babban yatsa.

"To," in ji shi. "Wannan ba ƙusa ba ne."

Malam da farko ya ce wasan yara ne. Da la'asar ina tsakar gida ina wanke-wanke sai na ji muryarsa daga ɗaki, irin ta kwandastan bas.

"Area One! Area One! Saura mutum ɗaya!"

Na leƙo da kumfa a hannu. Ga shi yana tafiya, yatsu biyu a kan takardar, kai a miƙe. Tun ranar da batirin ya fashe ban ga haƙoransa ba sai ranar.

"Injiniya," ya ce da ni, "ashe titi kika yi. Wa ya ba ki kwangila?"

Daga nan komai ya samu suna, irin na unguwannin Abuja. Gado shi ne Apo, don ya ce yanzu nan ne wurin aikinsa. Duron ruwa Jabi, saboda tafkinta. Soket ɗin rediyo Area One. Ƙofar waje Zuba, daga nan sai barin gari. Jan furen kuwa Makka. In na bar bokiti a jikin bango ya yi tuntuɓe, sai ya ɗaga murya: "Injiniya! Wa ya kafa shingen 'yan sanda a hanyar Jabi?" In muka yi faɗa ya ce zai tafi Zuba ba zai dawo ba, ni kuma in ce Allah ya kiyaye hanya, a sayo mana lemo.

Abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce kada in gaya wa kowa amfanin takardar, musamman danginsa.

"Sun riga sun binne ni a ransu. Bari su zo su ga ina tashi da ƙafata. Ba sai sun san da me ba."

Na yi masa alkawari. Ya kira Rosemary ita ma ya sa ta yi, ta ɗaga hannu sama ta ce tsakaninta da Allah.

Ya iya ɓoye abin sosai. In da baƙi, ba ya dafa bangon da tafin hannu, bayan yatsu yake gogawa kamar mai tafiya kawai. Da yayarsa Rabi'atu ta zo daga Zariya duba shi, tana shigowa bangon ta fara gani. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ikilima, wannan kuma fa? Kin ɗaura wa ɗaki zani a ƙugu? Ke dai ƙauye bai sake ki ba. A sama ake sa shi, baiwar Allah."

"Tsanin ne ba mu da shi, Yaya," na ce.

Aka kira azahar. Ta miƙe za ta kama hannunsa, ya ce ta zauna. Ya tashi, ya je duro ya cika buta, ya fita ya yi alwala a bakin ƙofa, ya dawo ya bi gefen falo, ya tsaya cak yana fuskantar gabas ya tayar da salla. Yaya Rabi ta toshe baki da mayafi tana hawaye.

"Allahu akbar. Ikilima, kin gani? Allah ya karɓi na waje ya buɗe masa na zuci."

Na ce haka ne, Yaya. Da ya sallame na ga gefen bakinsa yana rawa, dariya yake dannewa.

Hannun Malam bai taɓa rabuwa da baƙi ba. Ko bayan ya makance mutanen unguwa na kawo masa tocila, da fitilar caji, da fulogin janareta, yana gyarawa da lalube. Ga man da nake shafa masa a tabon fuska. Duk wannan ya bi yatsunsa ya hau takardar. A hankali ruwan gwal ɗin tsakiya ya goge, wani layi baƙi-baƙi mai sheƙi ya fito, daga Apo har Zuba. A kwanar ƙofar ciki ya fi kauri, don nan yake kamawa da hannu duka. Tsakiyar jan furen kuwa ta lotsa daidai girman babban yatsansa. Na taɓa ɗauko tsumma zan goge, na gaya masa ya yi dauɗa.

"Bar shi," in ji shi. "Titin da taya ba ta yi wa baƙi ba ai ba a binsa."

Damina biyu muka yi a haka. Wata safiya ya ce kansa na sarawa, bari ya je Jabi ya watsa ruwa. Ina ninke zanin gado na ji faɗuwarsa. Likita ya ce hawan jini ne. Bai ƙara magana ba, kafin Juma'a ta zagayo aka kai shi.

A zaman makoki Yaya Rabi ba ta da labari sai na idon zuci. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta ji shi: yadda ɗan'uwanta makaho yake tashi ba mai ja, ya nufi alƙibla ko karkata babu. Mata na ta kabbara, suna cewa alamar kyakkyawan ƙarshe ce. Ina zaune a ƙarƙashin jan furen, kaina na taɓa shi, na yi shiru. Abin da ya so kenan. Kuma na ga labarin shi ke riƙe da ita.

Aka watse, na shiga takaba ni kaɗai. Ba fita, ba ado, ba inda za ni. Bayan azahar gidan yakan yi tsit, masu gona suna gona, masu kasuwa suna kasuwa. Lokacin nake tura ƙofa, in tsaya a bakin gado, in rufe ido, in ɗora yatsu biyu inda nasa suka bi. Wurin ya fi sauran takardar santsi. In bi shi har Jabi, in karya kwana, in wuce Area One, in sa babban yatsana a cikin lotsawar furen. Nawa ya fi nasa ƙanƙanta, yana shiga har da saura. Ba na kiran sunayen da ƙarfi, kada a ce matar Badaru ta taɓu. Wani lokaci in na sa hanci ina jin ƙanshin man injin. Ko kuma raina ne ke ba ni, oho.

Yayana Abdulƙadir ya aiko cewa in na fita takaba in tattara in koma gida Funtuwa. Ban musa ba, zaman Abuja ba miji ba sana'a ba nawa ba ne. Na tuna maganar Muktar, na gwada ɗaga gefe ɗaya a bayan kujera. Ya taso ba gardama. Har na yi murna. Na jawo sandar nan daga ƙarƙashin gado na goge ta, na ce a jikinta zan nannaɗe titin, a hankali, in sa farar leda tsakani don kada ya manne da juna. Furen da tauraron zan manna su a murfin akwati ta ciki. Na gaya wa Rosemary, ta ce washegarin fita takaba ba za ta je gona ba, za mu yi tare kamar yadda muka sa tare. Da na so in cire tun lokacin, amma na ce bari in ƙarasa kwanakina da shi a bango.

Ana gobe fita Yaya Rabi ta iso da 'yarta Mashkura, mai karatu a Zariya, tana kuma yi wa amare adon ɗaki. Sun zo da atamfa sabuwa, da turare, da shinkafar waina ta sadaka, da wata jaka da ban tambayi abin da ke ciki ba. Da safe na yi wanka na sa sabon kaya, aka yi addu'a. Sai Yaya ta ce an shirya min kitso da lalle a gidan Ɗangoggo mai nama, can bayan masallaci, matarsa ta iya.

"Yaya, da an bar lallen nan."

"Ba a bari. Wata huɗu da kwana goma kina zaune kamar tsumma. Tashi ki je, mu za mu kula da gida."

Matar Ɗangoggo ta yi min kitso, sannan ta kwaɓa lalle ta lafta min a tafin hannu da ƙafa, ta ɗaure kowanne da baƙar leda. Ta ce kada in motsa sai ya kama. Ina zaune a tabarma, hannu a sama ƙafa a miƙe, ko ƙuda ba na iya korewa, sai ga Rosemary ta faɗo gidan ba sallama, ɗankwalinta a hannu.

"Ikilima, tashi! Suna cire titi!"

Ban gane ba da farko.

"Yarinyan nan ya hau kujera, uwan yana ja! Na ce su bari ka dawo, na ce kayan oga ne, ya ce ina ruwana da al'adan su. Tashi mana!"

Ban tsaya neman takalmi ba, ba ma zai shiga ba. Na fita da ledojin a ƙafa. Lalle yana da santsi, kowane taku sai ƙafar ta zame a cikin ledar. Na faɗi a gaban mai cajin waya, na tashi. Masu okada na ta kallo, wani ya ce, "Amarya, ina angon ya gudu?" aka yi dariya. Rosemary na riƙe da gwiwar hannuna tana zaginsu da yarenta.

Na tarar da ƙofa a buɗe, ƙanshin turaren wuta ya cika ɗakin. An share, an goge, an canza labule. Mashkura na tsaye a kan kujera tana danne ƙarshen wata sabuwar boda can kusa da silin, shuɗiya mai furanni farare. Ta juyo tana murmushi.

"Kai, Anti, kin ɓata mana shiri! So muka yi ki dawo ki gani kawai."

Na dubi bangon daidai ƙugu. Babu komai. Na bi shi da ido daga ƙofar ciki har ƙofar waje. Fentin Baba Obadiah ne ruwan madara, sumul, ko inuwar layi babu. Bangon gabas ma haka.

"Ina yake?"

"Tsohon? Ai Anti bai ba mu wahala ba sam, ja ɗaya ya biyo. Irin wannan yana da kyau wallahi, dubi ko tabo."

"Na ce ina yake!"

Yaya Rabi ta shigo daga tsakar gida da ludayin waina a hannu.

"Ke lafiya? Wa ya kwance ki? Dubi yadda kika ɓata ledar ƙasa da lalle."

"Yaya, wa ya ce ku taɓa min bango?"

"Bango? Wannan baƙar dauɗar? Ikilima, tun makoki nake jin kunyarta, mutane na shigowa suna gani. Na yi shiru ne don kina cikin takaba. Yanzu kin fita, da sauran ƙuruciyarki, yau ko gobe za a fara sallama da ke. A shigo a ga ɗaki kamar garejin Apo? Yarinyar nan da kuɗin makarantarta ta sayo miki sabo, ta sa shi inda ake sawa. Madadin ki ce an gode."

Na je bangon gabas. Ledar hannuna ta riga ta yage wajen faɗuwa. Na dafa inda furen yake, ko inda nake zaton yake, don har na fara shakka. Sai na ji bakina yana magana.

Na faɗa mata duka. Na ce ba ado ba ne, hanyarsa ce. Na ce da shi yake zuwa duro, da shi yake samun ƙofa. Na ce jan furen da ke nan shi ne alƙiblarsa, da yatsa yake nemansa. Na ce baƙin da take kira dauɗa hannun ƙanenta ne, kuma shi kaɗai ya rage min. Alkawarin da na riƙe yana raye, na riƙe a makoki, na riƙe duk tsawon takaba, na zubar da shi a tsaye a wurin, gaban 'yarta, gaban masu leƙe ta taga.

Mashkura ta sauko daga kujera a hankali, hannunta a baki. Yaya Rabi ta daɗe tana kallona. Na zaci kuka za ta yi.

"A'uzu billahi," in ji ta. "Takarda? Takardar kasuwa ce za ta nuna wa Badaru alƙibla? Da idona na gan shi, ko bangon bai taɓa ba. Baiwar da Allah ya yi masa ita kike so ki ƙwace ki ba wa kanki, yana kabari?"

"Gaskiya ne yana faɗa, Hajiya," in ji Rosemary daga bakin ƙofa. "Ni da shi muka manna."

"Ke kuma na ce ki fita a maganar nan." Ta juyo gare ni, muryarta ta sauka. "Baƙin ciki ne, Ikilima. Yana sa mutum surutu. Zauna a kawo miki ruwa. Ba zan riƙe ki da wannan ba."

Na waiga in nuna mata. In ce ga kwanar da yake kamawa, ga lotsawar yatsansa, sa naki ki ji. Babu abin nunawa.

Rosemary ce ta samo titin. Rabinsa an riga an hura gawayin waina da shi, don Yaya ta ce yana kama wuta kamar leda. Ragowar kuwa, Mashkura ta dunƙule ta jefa a kwandon shara. Rosemary ta kawo min a cikin zaninta, dunƙule guda kamar ƙwallon yara, da ɓawon albasa manne a jiki. Da yamma, bayan an raba waina an watse, muka zauna a ɗakinta muna ƙoƙarin warwarewa. Gam ya kama gam. Abin da ya saki bango da ja ɗaya ya ƙi sakin kansa. Duk inda muka ja sai fuskar takardar ta yage ta bar fari. Na hango gefen jan furen can ciki, na sa farce, ya ɓalle a hannuna kamar ƙwayar gero.

"Bari haka," in ji Rosemary. "In mun ci gaba, duka zai ƙare."

Na bari.

Mashkura ta same ni a bakin famfo kafin su tafi, idonta ja. Ta ce, "Anti, ki yafe min, wallahi ban sani ba." Na ce na yafe. Me zan ce? Yaya Rabi kuwa ta rungume ni a bakin mota ta ce in riƙa yawan istigfari. Na ji labari har yau tana ba da labarin idon zuci a Zariya, ta ƙara da cewa matarsa ta ɗan samu taɓuwa bayan rasuwarsa, Allah ya ba ta lafiya.

Na ƙara kwana kaɗan a ɗakin kafin motar Funtuwa. Sau ɗaya na gwada, bayan azahar. Na tsaya a bakin gado na rufe ido na miƙa yatsu. Bango ne kawai, ko'ina iri ɗaya. Ban yi nisa ba na bugi kujera da ƙauri.

Ranar tafiya Baba Obadiah ya zo karɓar makulli. Ya zagaya ciki da falo yana shafa bangon da tafin hannu, yana gyaɗa kai. Ya ɗaga ido ya ga shuɗiyar bodar Mashkura ya ce a bar ta, mai shigowa zai so. Sai ya tsaya a bangon gabas. Shatin hannuna na nan, jan lalle, yatsu biyar. Na wanke da omo, na goge da toka, ya ƙi fita.

"Matar oga, wannan fa?"

"Nawa ne, Baba."

Ya daɗe yana dubawa. "Ba komai," in ji shi. "Akwai ragowar fenti. Ban da wannan, kun riƙe min ɗaki da kyau. Kamar ba a zauna ba."

Sandar na bar wa Rosemary, ta ce za ta yi wa surukarta amfani. Dunƙulen yana cikin akwatina a Funtuwa, a ƙulle cikin ɗankwali. Matar yayana ta taɓa gani tana neman allura, ta tambaye ni sharar mece ce wannan nake ajiya. Na ce ta mayar inda ta gan shi.